Doguwar Hanya da Ƙaramin Jari

Ya ku ƙannena da 'ya'yana, maza da mata, waɗanda Allah ya nufa da neman halali ta hanyar saye da sayarwa ko sana'ar hannu, ina so in zanta da ku a kan wani al'amari wanda da farkon ji zai yi muku kama da wasa, domin kuwa mutanenmu ba su ɗauki gudu a bakin komai ba sai idan wani abu ne ya koro mutum, har ma dattijo in ya ga magidanci yana sassarfa a bakin titi da asuba, sanye da gajeren wando, abin da zai fara tambaya shi ne ko lafiya. Amma wanda ya zauna ya yi nazarin tseren nan mai nisa da ake kira gudun fanfalaki, ya dubi yadda ma'abotansa suke yi masa tanadi, da yadda suke kaiwa ko su kasa, zai tarar da ilmi a cikinsa wanda ya fi shafar mai ƙaramin jari fiye da ɗan kallo.

Tsawon wannan tsere kilomita 42 ne da mita 195, kuma duk wahalarsa ta taru ne a kan wata hikima da Allah ya sanya a halittar ɗan Adam. Likitoci sun bayyana cewa jiki yana taskace wani nau'in sukari a cikin hanta da tsokoki, wanda shi ne makamashin da ya fi saurin ba da ƙarfi, sai dai ajiyar nan ƙanƙanuwa ce, ba ta isar mai gudu ya kai ƙarshen hanya, yawanci takan ƙare tsakanin kilomita 30 da 35. Wanda yake tafiya bisa gwargwado, jikinsa yana haɗa kitse da sukarin yana ƙonawa, sai ajiyar ta daɗe. Wanda kuwa ya fita da ƙarfi, galibi sukarin yake ci, kuma ba zai ji komai ba a sa'a ta farko, hasali ma lokacin ne zai ji kamar an ɗauke masa nauyi, jama'a na yi masa tafi, yana wuce na gabansa ɗaya bayan ɗaya. Sai can wajen kilomita 32 ƙafafu su yi masa nauyi, ido ya yi duhu, tunani ya rikice, ya ga waɗanda ya wuce ɗazu suna wuce shi a natse. Masu kallo za su ce a nan ya fāɗi, alhali kuwa tun a kilomita na 5 ya yi asarar tseren, a daidai lokacin da yake ganin babu kamarsa.

An ga wannan a fili a birnin Landan ranar 24 ga Yuli, 1908, a wasannin Olamfik inda aka fara gudun wannan tsawon da aka tsaya a kansa har yau. Ranar an yi zafi, kuma 'yan Ingilan da suka fita a guje daga fadar Windsor sun gaji tun hanya da sauran nisa. Wani saurayi ɗan Italiya, Dorando Pietri, wanda aikinsa a gida shagon alawa ne a garin Carpi, ya fara da natsuwa, sa'an nan da aka raba hanya biyu ya ƙara mai, ya bi sawun wani ɗan Afirka ta Kudu mai suna Charles Hefferon da ke kan gaba, ya matsa wa kansa har ya wuce shi saura kilomita kamar uku. Da ya shigo filin wasa, gaban dubban mutane, sai aka ga ya juya ya nufi inda ba nan ba ne, alƙalai suka mayar da shi kan hanya, ya yi 'yan taku ya zube. Aka tashe shi, ya yi tangaɗi ya sake zubewa, har sau biyar, ta yadda mita 350 na ƙarshe suka ci masa kusan minti 10, ya ƙetare layi ana riƙe da hannunsa. Amurkawa suka kai ƙara, aka soke nasararsa saboda taimakon da aka yi masa, aka ba ɗan ƙasarsu Johnny Hayes. Sarauniya Alexandra ta ji tausayinsa ta ba shi kofi na azurfa da aka shafa wa zinariya, duniya kuma ta riƙe sunansa ta kusa mance da na wanda ya ci. Ni dai ban ga abin sha'awa a fāɗuwar ba, ko da yake na ga jarumtaka. Abin da na gani shi ne mutumin da ya kashe abin da ba shi da shi domin ya wuce wani.

To, ku zo mu shiga shagon tela a ranar ashirin ga azumi. Yaro ne mai hannu, bara ya kammala koyo, ubangidansa ya sallame shi da keke ɗaya, kuma ɗinkinsa ya fara suna a unguwa. Tun daga watan Sha'aban ake kawo masa yadi, shi kuwa bai taɓa cewa a'a ba, domin yana jin kunyar mayar da mutum, kuma kafin-alƙalamin da ake ajiye masa yana da daɗin karɓa. Yanzu ga shaddoji da atamfofi jibge har bakin taga, kowace an rubuta sunan mai ita da alli a gefe, wasu allin ya goge. Wuta ba ta zuwa, janareto yana shan mai, kuɗin da aka ba shi na zare da aiki ya riga ya shiga cefanen buɗa-baki. Yana kwana a kan keke, idonsa ja wur, wuyan riga ya fara karkacewa, ya yanka hannun wani a jikin yadin wani. Daren Salla kuwa ga mutane tsaye a ƙofa, wani yana lallashi, wani yana zagi, yaron shago yana rantsuwa cewa maigida ya fita, alhali yana bayan labule. Bayan Salla za a ce ya yi rashin alkawari, kuma gaskiya ne, amma ba a daren Salla ya karya alkawarin ba. Ya karya shi ne tun ranar da ya karɓi ɗinki na sittin, yana sane cewa hannunsa da kekensa ba su wuce arba'in ba.

Abin da ajiyar sukarin nan take ga mai gudu, shi uwar kuɗi take ga mai shago, kuma mafi yawan ƙananan sana'o'in da na ga sun mutu a idona ba rashin ciniki ne ya kashe su ba, wasunsu ma sun mutu ne ana tsakiyar ciniki. Mai kanti yana ganin aljihun tebur cike da kuɗi da yamma, sai zuciya ta raya masa cewa nasa ne, ya mance cewa mafi yawansu kuɗin kwalin sabulu ne da buhun sukari da za a mayar gobe, ribarsa a ciki ba ta taka kara ta karya ba. Sai ya ɗiba ya yi gudummawar biki, ya ɗiba ya sauya waya, ya ba abokin da ba ya iya hanawa bashi, kowane ɗaya ƙarami ne, ba a jin zafinsa. Wata uku, wata huɗu, sai kanta ta fara nuna katako, ya riƙa jera kwalaye marasa komai a sama don kada a gane. A nan ne ma mai gudu ya fi ɗan kasuwa sa'a, domin shi ba shi da inda zai ranto ƙarfi, jikinsa yana gaya masa gaskiya ko yana so ko ba ya so. Ɗan kasuwa kuwa yana iya rufe gajiyarsa da bashi, balle a wannan zamani da ake ba da rance da kuɗin ruwa ta cikin waya a minti kaɗan, ba shaida, ba jingina, sai dai ranar biya a bi duk lambobin da ke wayarsa ana tona masa asiri. Bayan haramcin da ke cikin wannan mu'amala, wanda malamai sun yi bayaninsa sun gama, akwai kuma wauta, domin bashin da aka ci don a ɓoye ramin da ke cikin jari ba ya cike ramin, jinkirta ganinsa kawai yake yi har ya yi zurfi.

Akwai wata mas'ala kuma da masu horar da 'yan gudu suka sani, wadda na fi so ku riƙe fiye da sauran. Gaɓoɓin jiki ba sa ƙarfafa lokaci ɗaya. Zuciya da huhu suna sabawa da wahala cikin 'yan makonni, har sabon mai gudu ya ji numfashinsa ya buɗe, ya ga zai iya ninka abin da yake yi. Amma jijiyoyi da ƙasusuwa sai sun ɗauki watanni kafin su kamo, kuma ba sa yin magana sai sun lalace. Shi ya sa za ku ga wanda ya fara gudu da zumuɗi, bayan wata biyu yana ɗingishi da ciwon ƙwauri ko na agara, wani ma ƙashin ya tsage ba tare da ya fāɗi ko ya yi karo da komai ba. Saboda haka masana suke ƙara nisa kaɗan-kaɗan, mako bayan mako, suna kuma sanya ranakun hutu a cikin tsarin kamar yadda suke sanya ranakun aiki. A sana'a, abin da yake saurin girma shi ne ciniki da suna. Abin da yake jinkiri kuwa shi ne yaron da za a iya bar wa shago a yi tafiya, da dilan da zai ba ka kaya a kan amana, da sanin wane kaya ne yake tafiya da damina wane ne sai kaka, da iya karanta fuskar mai neman bashi. Waɗannan ba a sayensu, shekaru ne suke kawo su. Wanda ya buɗe shago na biyu domin na farko ya yi wata shida yana ciniki, alhali bai da wanda zai tsaya masa a ɗayan, ya ɗora wa ƙashi abin da huhu ne kaɗai ya shirya masa, kuma sau da yawa shago na biyun ne yake cinye na farkon.

Kada ku zaci cewa gwanayen wannan fage kullum cikin tsananin gudu suke. Eliud Kipchoge na Kenya, wanda a ranar 12 ga Oktoba, 2019, a birnin Vienna, ya gama wannan tsawo cikin sa'a 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 (ko da yake ba a lissafa shi cikin bajintar hukuma ba, saboda an shirya masa masu rakiya suna karɓeɓeniya), mafi yawan gudunsa na horo a hankali yake yinsa, a sansaninsu na Kaptagat, inda yake zaune da sauran 'yan gudu yana yin aikace-aikacen gida tare da su duk da dukiyarsa. Kuma an san shi da wata ɗabi'a wadda ita ce ta fi burge ni: yana da littafi da yake rubuta kowane horo da ya yi, nisansa da lokacinsa da yadda ya ji a jikinsa, shekara da shekaru. Mutumin da duniya ta yarda ya san gudu bai yarda da ƙwaƙwalwarsa ba, ya dogara da alƙalami. Amma yaron da ya buɗe shagon caji ko na sayar da kati jiya, in ka tambaye shi littafinsa sai ya nuna maka kansa ya ce duk yana nan. Wallahi ba ya nan. Littafin makaranta mai ganye arba'in ya isa: abin da ya shigo, abin da ya fita, wanda ake bi da wanda yake bi, da albashin da mai shago ya yanka wa kansa wanda ba zai ƙetare shi ba ko ana biki a gidansu.

Wannan hisabi ba baƙon abu ba ne da aka kawo mana daga waje. Shari'a da kanta ta wajabta wa ɗan kasuwa mai jujjuya kaya, idan dukiyarsa ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo, ya zauna ya ƙiyasta kayan da ke shagonsa, ya haɗa da kuɗin hannu da basukan da yake sa ran za a biya, ya fitar da ɗaya cikin arba'in. Wanda bai san abin da ya mallaka ba, ta yaya zai fitar da zakka? Kuma ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Saboda haka mai jin kunyar rubuta bashin ɗan'uwansa, yana ganin rashin yarda ne, ya sani cewa kunyarsa ba ta fi umurnin Ubangijinsa ladabi ba.

Kakanninmu fatake, da suke tashi daga Kano da jakuna su nufi Gwanja neman goro, tafiyar watanni, ta cikin daji da koguna da ƙasashen da sai an biya fito, sun san wannan ilmi tun kafin a yi tseren Landan. Madugu ba ya auna tafiyar yini da ƙarfin saurayin da ya fi kowa sauri, da jakin da ya fi kowane rauni yake aunawa, kuma zango yana inda ruwa da ciyawa suke, ba inda zuciya take so ba. A hanyar dawowa kuwa sai an riƙa kwance goron ana yayyafa masa ruwa, ana tsince wanda ya fara lalacewa don kada ya shafi sauran. Daga cikin irin wannan tarbiyya Alhassan Ɗantata ya fito, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya yi shekaru yana fataucin goro kafin jirgin ƙasa ya iso Kano kasuwar gyaɗa ta buɗe. Ranar da damar ta zo, ta tarar da mutumin da ya riga ya iya riƙon kuɗi da riƙon mutane.

Sai dai kada wani ya ɗauki maganata ya zarce da ita, ya ce ashe duk mai juriya zai yi arziki. Pietri ɗin nan da na ba ku labari, bayan abin da ya faru a Landan ya yi suna, ya tafi Amurka ya yi tsere na kuɗi, har ya kayar da Hayes ɗin, ya tara dukiya mai kauri, ya komo gida ya buɗe otal tare da ɗan'uwansa, otal ɗin ya karye, ya ƙare rayuwarsa yana kula da garejin motoci a Sanremo. Juriyar da ta tashe shi sau biyar daga ƙasa ba ta koya masa lissafin ɗakuna da baƙi ba. Haƙuri sharaɗi ne, amma ba ya tsayawa a madadin sanin sana'a, kamar yadda tawakkali ba ya tsayawa a madadin riƙon sababi. Wanda yake sayar da abin da ba a nema, a wurin da ba a wucewa, ko ya shekara goma yana buɗe shago da asuba, wahala kawai yake tarawa, kuma bai kamata a yaba masa da sunan haƙuri ba, kamata ya yi wani mai ƙaunarsa ya ja shi gefe ya gaya masa gaskiya.

Ku kwatanta shi da Haile Gebrselassie na Habasha, wanda aka haifa a 1973 a yankin Asella, ɗan manomi, yana yaro yana gudun kilomita 10 zuwa makaranta da littattafai a hammata, har hannunsa na hagu ya saba da lanƙwasa ya zauna haka duk tsawon gudunsa. Ya ci zinariya a tseren mita 10,000 a Atlanta a 1996, ya maimaita a Sydney a 2000. Tun yana kan ganiyarsa ya fara zuba abin da yake samu a gine-gine a Adis Ababa, sannu a hankali, sa'an nan ya buɗe otal a bakin tafkin Hawassa a 2010, ya shiga dillancin motocin Hyundai da noman gahawa, har ya zama yana ɗaukar dubban ma'aikata. A tarzomar da aka yi a yankin Oromiya a 2020 an ƙona masa otal a Shashamane, an lalata wani a Ziway, dukiya ta shekaru ta tafi cikin 'yan kwanaki, bai kuwa bar sana'ar ba, ya ci gaba da buɗe wasu. Wannan ita ce jarrabawar da ba ta zo ta hanyar sakacin mutum ba, irin ta gobarar kasuwa ko faɗuwar darajar kuɗi ko rashin lafiyar da ke cinye jari, kuma a nan ne haƙuri na haƙiƙa yake da muhalli, domin ba abin da za a gyara a lissafi, sai dai a yi istirja'i a duba abin da ya rage.

Amma abin da na fi so ku sani game da shi ya faru ne a Landan a watan Afrilu na 2007. Yana cikin tsere, tare da na gaba, wajen kilomita 30 numfashinsa ya sarƙe, sai ya fita daga hanya ya tsaya, gaban kyamarori, mutumin da ake ganin babu kamarsa. Daga baya aka gano cewa ƙurar furanni ce ta bazara take sarƙe masa numfashi. Bai yi tangaɗi ya kai layi don a yi masa tafi ba, ya koma gida ya nemi magani ya ci gaba da horo. A ƙarshen Satumba na wannan shekarar, a Berlin, ya kafa bajintar duniya da sa'a 2 da minti 4 da daƙiƙa 26, kuma da shekara ta zagayo ya koma can ya rage ta zuwa sa'a 2 da minti 3 da daƙiƙa 59.

A cikinku akwai wanda yake riƙe da sana'ar da shi kansa ya san ta mutu, ba abin da ya hana shi rufewa sai tsoron abin da za a ce a majalisa. Irin wannan ina ba shi shawara ya zauna da littafinsa da wani babba da ya san kasuwa, ba abokin hira ba, su duba wata shida na baya. Idan ciniki yana nan amma kuɗi suna zurarewa, to gyara ake bukata: a tsayar da bashi, a yanka albashi, a rage kayan da suke kwana. Idan kuwa cinikin ne babu, kuma ba lokacin shekara ne ya kawo haka ba, ya sayar da kayan tun suna da daraja, ya fara biyan dila da masu adashi da duk wanda ya ba shi amana, ko da abin da zai rage masa bai fi kuɗin keke ɗaya ba, ya je da ƙafarsa ya gaya wa wanda ya ba shi jari yadda aka yi kafin ya ji a bakin wani. Sa'an nan, in da hali, ya koma ƙarƙashin wani ya yi shekara ɗaya ko biyu yana yaron shago a sana'ar da yake son shiga, yana karɓar ɗan abin da ake ba shi, yana lura da inda ake sayo kaya da yadda ake yi musu kuɗi.